Ina Kiristan da Kuka Ce Za a Yi Muƙabala da Shi?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na rediyo na daren Lahadi ne ya sa na ɗauki biro. Mako guda kuna shela cewa za a yi muƙabala kan Triniti, wato aƙidar Kirista ta Allah ɗaya cikin uku, ranar ta zo sai ga malami ɗaya tilo a ɗakin shiri. Mai gabatarwa ne ya zama Kiristan haya, yana kawo hujjarsu da muryar zolaya, malam na rushewa, masu bugo waya na kabbara. Wane irin dambe ne wannan, mutum ya shiga fage shi kaɗai, ya naushi iska, makaɗa su ce ya yi kisa?

Kada wani ya ce na canza sheƙa. Ni Musulmi ne, tun ina riƙe da allo na san Ƙulhuwallahu: bai haifa ba, ba a haife Shi ba. Aya ta 171 a Suratun Nisa'i ta ce kada ku ce uku, kuma a nan na tsaya har kabari. Abin da ya ƙona min rai kunyar da kuka ba ni a tsakar gidanmu a Agege.

Ni da kaina na kira maƙwabcina ya zo mu saurara, da yake an ɗauke wuta kowa na waje. Mutumin Kagoro ne, gadi yake yi a Ikeja, shekara goma sha ɗaya muna gida ɗaya, kuma Hausarsa ta fi ta 'ya'yana da aka haifa a nan Ikko. Littafi Mai Tsarki ma na Hausa yake karantawa. Da mai gabatarwarku ya ce wai Kirista na cewa Allah ya auri Maryama ya haifi ɗa, kuma alloli uku suke bauta wa, sai ya dube ni ya ce, "Alhaji, a wace coci aka faɗi haka?" Ya ce su Allah ɗaya suka sani, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ya shiga ɗaki ya ɗauko littafinsa, da fitilar waya ya karanta min Markus 12:29 inda Yesu ya ce Ubangiji ɗaya ne, ya dawo Yohanna 1:14 inda aka ce Kalma ya zama mutum. Na ce to, idan Yesu ne Allah, wa yake roƙo a lambun Getsamani? Wa ke riƙe da sama da ƙasa sa'ad da yake cikin mahaifiyarsa? Ya ce cikakken Allah ne kuma cikakken mutum. Na ce kaina bai ɗauka ba. Ya yi dariya ya ce ai ya sani. Ban gamsu ba ko kaɗan, amma daga bakinsa na ji, kuma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Malam ya kawo taron Nikiya na shekarar 325, ya ce a can aka ƙera Triniti. An yi taron, sarki Kustantin ne ya kira shi saboda rigimar Ariyus, mai cewa Ɗa halitta ne. Kirista na da amsarsu a kan wannan, su ce abin da suke kai tun farko aka tabbatar. Wa kuka ajiye ya faɗe ta, balle malam ya warware ta a gabansa? Duk fastocin da ke wa'azi da Hausa a Legas, kun rasa ko ɗaya?

Tawagar Kiristocin Najran har Madina ta je, Annabi (SAW) ya bar su suka yi magana da bakinsu. Kaset ɗin muƙabalar Sheikh Ahmed Deedat da fasto Jimmy Swaggart na 1986 da muka yi ta kallo muna samari, ai kowa an ba shi lokacinsa. Aya ta 46 a Suratul Ankabut ta hana jayayya da Ma'abota Littafi sai ta hanya mafi kyau, amma kuka bar wani ya bugo yana ce musu arna, mai gabatarwa na ƙyaƙyata dariya. A nan ne maƙwabcina ya ɗauki kujerarsa ya ce sai da safe. Ku da ke cikin sanyin ofis kun manta cewa a garin nan duk wanda ya fito daga Arewa "aboki" ne. Mu da muka ga rikicin ƙabilanci na unguwar Idi-Araba a 2002 mun san in ta ɓaci da wa muke gudu tare.

Sannan batun layin wayarku. Na bugo in faɗi wannan, aka ɗauka aka ajiye ni ina jin shiri ta waya har katin naira ɗari biyar ya ƙare, ba wanda ya ce min uffan. Kuma don Allah ku daina sako tallar maganin basir ana gama karanta aya.

Naku mai sauraro,
wani ɗan kasuwar albasa ta Mile 12, mazaunin Agege, Legas.