A bar mana itatuwan bakin hanya

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana kan hanyoyinmu na karkara, abin na ci min tuwo a ƙwarya wallahi.

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Jos ya sani, daga Tudun Wada in ka shiga dajin Falgore iskar ma daban take, balle da damina. To irin wannan ne muke rasawa a ƙananan hanyoyi. A garinmu akwai layin maɗaci da darbejiya da muka taso muka tarar, nan masu fura da nono ke sauke ƙwarya, nan 'yan acaɓa ke jiran fasinja, sai ga ɗan kwangila ya zo faɗaɗa titi, cikin kwana biyu aka kwantar da su kaf har da tsohuwar kukar da muke kwatance da ita, wai ta tare hanya. Kwalta kam mun samu, mun gode, amma yanzu ko inuwar da akuya za ta fake babu.

A Amurka tun 1991 suke da tsarin ware wasu hanyoyi saboda kyan ganinsu ko tarihinsu, a riƙa kula da su. Me zai hana majalisun jihohinmu su yi doka irin wannan, duk hanyar da aka ware ba a sare itace a bakinta sai an zauna da dagaci da mutanen gari, in ya kama a ɗan karkata titin a karkata?

Naka,
Wani manomi daga kudancin Kano