A Ɗora Bincike Kan Aikin Babbar Ruga

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana da malaman jami'o'inmu na Jihar Katsina, musamman masu binciken lafiya. Ni ungozoma ce da ta yi ritaya, kuma yoyon fitsari ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Da yawa ba su san cewa wani ilimin da likitocin duniya ke aiki da shi kan wannan lalura a nan Katsina aka samo shi ba. Dakta Kees Waaldijk, mutumin Holan, aikin kuturta ne ya kawo shi asibitin Babbar Ruga, sai ya tarar da mata suna zuwa da yoyo bayan doguwar naƙuda. Ya kama yi musu ɗinki, duk wadda ya duba kuma sai ya rubuta girman ɓular da inda take. A da ana cewa mace ta jira wata uku kafin a taɓa ta. A 2004 ya fitar da sakamakon mata 1,716 masu sabon yoyo, ya nuna ba sai an jira ba, kuma kimanin kashi 15 cikin ɗari robar fitsari (siririn bututun da ake zurawa cikin mafitsara don fitsari ya riƙa fita) kaɗai ta warkar da su, babu tiyata.

Dalilin a fili yake. Kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara da ƙashin ƙugu, jini ya daina isa wurin, naman ya mutu ya ɓule. In aka sa roba da wuri, aka bar ta makonni, mai jego tana shan ruwa da yawa, mafitsara ba ta cika ta buɗe ciwon, ƙaramar ɓula sai ta haɗe da kanta.

To amma ina wannan ilimi a ƙauye? Na sha karɓar yarinya da aka kawo bayan watanni, zani biyu a ɗaure, cinyoyinta duk sun saluɓe, ta rage shan ruwa don kada a ji wari. Wallahi abin yana ci min rai, domin a ƙaramin asibitin da ta fara zuwa ba a ko yi mata maganar roba ba.

Nan nake son Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ta Tarayya ta Dutsinma su shigo. A tura ɗalibai ƙananan asibitocin karkara, su gano nawa ne ke da robar a ajiye, ma'aikata nawa suka iya sa ta cikin tsabta, awa nawa mace ke yi tana naƙuda kafin a samu mota. A tambayi matan da bakinsu, da ungozomomin gargajiya. In an gama kuma a fitar da sakamakon da Hausa a rediyo, a miƙa wa Ma'aikatar Lafiya kwafi kafin ta tsara kasafinta.

Wassalam,
Ungozoma mai ritaya,
Ƙofar Marusa, Katsina.