Tankin kifin ruwan gishiri a gida: inda ake tsimi da inda ba a yi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon ɗan fili domin iyalan da yara ko ƙanne suka dame su da son kifin teku a falo. Ana iya yi da kuɗi kaɗan, sai dai masu farawa sukan yi tsimi a inda bai dace ba, kifin ya mutu tun makon farko.

Kada araha ta ja ku ga ƙaramin tanki. Mai lita 75 zuwa 100 ya fi mai lita 20 sauƙin riƙewa, domin ruwa kaɗan nan da nan zafinsa da gishirinsa ke sauyawa. Lita 100 ta haura kilo 100 tun ba a sa duwatsu ba, saboda haka a samu teburi mai ƙwari, nesa da taga. A sa masa murfi, kifi na tsalle.

Gishirin girki ba ya yi. A nemi wanda aka haɗa musamman don tankin kifi, a kwaɓa har kowace lita ta ɗauki kimanin giram 35, wato ma'aunin gishiri ya nuna 1.025. A cikin bokiti daban ake kwaɓawa, a fara zuba ruwa sannan gishiri, a bar shi ya kwana ƙaramin famfo na juya shi. Bokitin kuma kada sabulu ya taɓa shi. Ruwan famfo akwai kilorin, wani lokaci har da jan ƙarfe mai kashe jatan lande da dodon koɗi, don haka tataccen ruwa, wato wanda na'ura ta cire wa waɗannan sinadarai, za a yi amfani da shi.

Sauran kaya ba yawa: shimfiɗar yashin aragonait (farin yashi mai sinadarin alli) mai kaurin santimita 2 zuwa 3, busassun duwatsu masu ramuka kamar kilo 8, hita da zai tsayar da zafi a digiri 25 a ma'aunin Celsius, da famfon cikin ruwa da zai juya ruwan tankin aƙalla sau goma a awa. Fitila mai tsada da injin cire datti ta hanyar kumfa, a bar su sai ranar da aka shiga kiwon murjanin teku mai rai.

Inda aka fi faɗuwa shi ne gaggawa. Kashin kifi na fitar da amoniya, guba ce. Wasu ƙwayoyin bakteriya ke mayar da ita naitirait, ita ma guba, wasu kuma su mayar da naitirait ɗin zuwa naitiret mai sauƙin illa. Ƙwayoyin nan a jikin duwatsu da yashi suke zama, kuma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita. A jefa ɗan abincin kifi a tankin da babu kowa, a riƙa gwada ruwan duk kwana uku. Sai amoniya da naitirait sun tashi sun koma sifili za a kawo kifi. Gansakuka mai ruwan ƙasa da za ta rufe yashi a lokacin ba abin tsoro ba ce, takan wuce.

A fara da biyu kacal na ocellaris, ɗan kifin nan ruwan lemo mai ratsin fari uku, waɗanda aka ƙyanƙyashe a tanki, sun fi juriya. Abinci sau ɗaya ko biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu, kuma mutum ɗaya ya riƙe aikin, domin idan kowa ya zuba nasa ruwan zai ruɓe.

Ga aikin da ya dace da yara: a ja layi a jikin gilashi, kullum su cika ruwa zuwa layin da tataccen ruwa marar gishiri, domin ruwa ne ke tashi tururi, gishirin yana nan. Manya kuma su sauya kashi 10 cikin 100 duk mako da sabon kwaɓi, su tanadi famfon iska mai batir saboda ranar da wuta ta ɗauke.

Wassalam,
Wasu masu kiwon kifin ado