Tsofaffin zanen zaki da damisa: don Allah a daina yi musu leminatin

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba mu fili mu ja hankalin masu riƙe da tsofaffin zanen namun daji, irin na littattafan Turawan da. Kafin zuwan kyamara, a kan farantin jan ƙarfe ake sassaƙa surar zaki ko damisa da ƙarfe mai tsini, a cusa tawada cikin tsagogin, a goge saman, sannan a danne takarda mai ɗanshi a kai. Haka aka buga zanen dabbobin littafin Buffon, masanin halittu na Faransa, wanda ya fara fitowa a 1749. Masu launi kuwa da hannu aka shafa musu, ɗaya bayan ɗaya.

Gane na asali ba wuya. Bakin farantin yakan bar shati a takardar, yatsa ma na jin lotsawar. Ɗaga ta sama wajen haske: takardar wancan zamani tana da layuka a jikinta, tsakaninsu kamar inci 1. In gilashin ƙara girma ya nuna ɗige-ɗige a jere, bugun zamani ne.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne leminatin, wato manne takarda cikin leda. Zafi da gam suna kama takardar, ba a ƙara raba ta da ledar. Salatif ma haka, yakan bar tabo ruwan ƙasa wanda ba ya fita. Yanayin Kano kuma ba ya raga wa takarda: raɓar watan Agusta na kawo fumfuna da jajayen ɗigo, hunturu ya busar da ita har ta riƙa karyewa, gara na jira a bangon ƙasa. A kwantar da zanen cikin kwali marar asid, a akwati nesa da bango da daɓe, laimar ɗakin kusan kashi 50 cikin 100. Ƙura da buroshi mai laushi ake share ta, ban da tsumma. In za a sa a firam, kada takardar ta taɓa gilashi, kada rana ta faɗa mata, don launin hannu saurin koɗewa gare shi.

Damuwarmu ta wuce takarda. Binciken da aka wallafa a 2014 ya ƙiyasta zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma da kusan 400, a Nijeriya kuwa sai Yankari da Kainji. An kafa dokar kare namun daji tun 1985, amma fatar damisa ba ta daina shiga kasuwa ba, kyanwar daji kuma ana yi mata tarko saboda kaji.

Roƙonmu ga gidan tarihi na Gidan Makama da Gidan Zu na Audu Bako shi ne su haɗa kai su baje kwafin irin waɗannan zane, na asalin su zauna a akwati. A ƙarƙashin kowanne a rubuta sunan dabbar da Hausa, da inda ta rage, da hukuncin sayar da fatarta, don 'yan makarantar da ake kaiwa ziyara su karanta da kansu.

Wassalam,
Wasu masu kishin adana kayan tarihi, birnin Kano.