Godiya ga shagon kayan kariyar ma'aikata na Sharaɗa, daga wani mai gidan bulo

Assalamu alaikum warahmatullah.

Zuwa ga mai shago da yaransa baki ɗaya.

Hausawa sun ce yabon gwani ya zama dole. Na daɗe ina son rubuta wannan takarda, amma na ga gara in bari bazara ta wuce tukuna in ga abin da rigunan sanyaya jiki da na saya a wurinku za su yi a jikin yarana, kada in yabi abin da ban gwada ba. Yanzu bazara ta wuce, damina ma ta bi bayanta, na kuma gani da idona.

Ina da gidan bulo a gefen hanyar Gwarzo, yara 14 ne ke aiki a ƙarƙashina. Wanda bai taɓa tsayawa a filin bulo a watan Afrilu ba, ba zai gane abin da nake faɗa ba. Dole filin ya zama a buɗe, don rana ce ke busar da bulo. Ƙasa siminti ne ya kama ta, tana mayar da zafi sama, injin yana ta nasa hucin, yaro kuma yana ɗaukar bulo mai inci 9 a kan katako daga bakin inji zuwa ƙarshen fili, ya dawo ya sake ɗauka, tun safe har la'asar. Masu kwaɓi suna kan shebur, masu lodi suna jefa wa na kan mota. A Kano zafin bazara yakan haura digiri 40 a inuwa, mu kuwa ba mu da inuwar ma.

A goman ƙarshe na azumin 2024, lokacin da zafi ya addabi ƙasashen Sahel har garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5 ranar 3 ga Afrilu, ɗaya daga cikin masu lodina ya yanke jiki ya faɗi. Yaro ne ƙaƙƙarfa, mai mata da 'ya'ya biyu, bai taɓa ce min ko kansa na ciwo ba. Tun wajen azahar abokansa suka lura yana surutai marasa kan gado, wasu suka ce zazzaɓin sauro ne ya hau masa kai, wani ya ce iska ce. Har aka aika kemis a sayo maganin zazzaɓi. Da muka isa asibiti likita ya ce zafi ne ya bugi jikinsa, ya wuce digiri 40, kuma da mun ƙara jinkiri da sai yadda hali ya yi. Kwana uku ana yi masa ƙarin ruwa. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne mahaifiyarsa, wadda ta zo daga ƙauye ta zauna a bakin gado ba ta ce min uffan ba sai "Alhaji, mun gode da ɗawainiya". A filina ya faɗi, kuma ni ake yi wa godiya. Ranar na ƙudurce cewa ba za mu sake shiga wata bazarar a haka ba.

Daga nan wahalar nema ta fara. Na ga bidiyon wata riga mai ƙananan fankoki biyu a ƙugu, na yi magana da mai tallar ta waya, ya rantse min da Allah cewa wanda ya sa ta kamar yana ɗaki mai na'urar sanyi ne. Na tura kuɗin guda shida. Da suka iso, biyu ba su taɓa tashi ba, sauran kuma cikin mako uku ƙurar siminti ta toshe fankokin. Na kira, aka ce in tura hoto. Na tura, aka daina ɗaukar wayata. Na shiga kasuwa shago-shago ina tambaya. Wani ya miƙo min rigar leda mai ƙyalli irin ta masu aikin titi ya ce ita ce, alhali wannan zafi take ƙarawa. Wani kuma ya dube ni ya yi dariya, ya ce wai leburori zan saya wa sanyi, ai su sun saba. Wannan magana ta yi min ciwo ƙwarai, don wanda aka ce ya saba ɗin na gan shi kwance a bayan mota bai san inda kansa yake ba.

Da wannan zuciyar na shigo shagonku a watan Fabrairun 2025, saura kwanaki kaɗan a kama azumi. Takalman aiki da safar hannu na zo saya, sai na hango wasu falmaran na sanyaya jiki rataye a bango na tambaya. Matashin da ke kula da wannan ɓangare, dogo mai gilashi, shi ne dalilin wannan takarda. Na ce masa ya haɗo min guda 14 daga mafi tsada in biya in tafi. Sai ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ba zan so in ba ka ba sai na san irin aikin da kowane yaro yake yi. In ka yarda, gobe da rana in zo in ga filin." Na ɗauka irin maganar 'yan kasuwa ce. Washegari da misalin ƙarfe ɗaya sai ga shi a kan babur, kuma da na miƙa masa kuɗin mai ya ƙi karɓa.

Ya fi awa ɗaya yana zagayawa. Ya tsaya wurin masu kwaɓi, ya tsaya bakin inji, ya tambayi inda muke samun ruwa, ya tambaya ko wuta tana zama a unguwar. Sannan muka zauna a gindin darbejiya ya yi min bayani da Hausar da na gane. Ya ce falmaran mai jiƙawa aikin randa take yi. Ana tsoma ta a ruwa, a matse, a sa, yayin da ruwan ke bushewa sai ya riƙa jan zafin jiki yana tafiya da shi, kamar yadda randar ƙasa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafowa. Iskar bazararmu busasshiya ce, saboda haka a nan ta fi ko'ina amfani, ga shi muna da rijiyar burtsatse a fili, ba batir ba caji. Amma tun kafin in saya ya gaya min cewa da zarar damina ta kankama iska ta yi laima, ƙarfinta zai ragu sosai, kada in zo in ce an cuce ni. Haka kuwa aka yi a watan Agusta.

Abin da ya fi burge ni shi ne maganar masu kwaɓi. Ya ce su kam kada a ba su mai jiƙawa ko kyauta ce, domin garin siminti in ya haɗu da danshi yana cin fata, kuma duk mai aikin bulo ya san yadda hannu ke tsagewa. Su uku ya zaɓa wa wata iri dabam, mai aljihuna da ake zura fakiti a ciki. Abin da ke cikin fakitin yana daskarewa kamar man shanu a hunturu, ba sai an kai shi ga sanyin ƙanƙara ba, jefa shi kawai ake yi a kula mai ruwan sanyi ya kama. A jiki kuma yana narkewa a hankali yana shanye zafi, ba ya ƙona fata da sanyi irin na ƙanƙara tsagwaronta. A wurinmu yana kai kusan awa biyu, sai a canza da wanda ke cikin kula. Ana sa ta ƙarƙashin rigar aiki, ƙura ba ta taɓa ta. Ita ce mai tsadar, kuma da ya bi ta tawa da 14 zai sayar min. Uku ya ba ni da fakitin canji, sauran ya ce mai araha ta ishe su.

Na nuna masa rigunan fankar da aka sayar min, ina jiran ya kushe su ya yabi nasa. Bai yi ba. Ya ce asalin fasahar ta Japan ce, wani injiniya da ya taɓa aiki a kamfanin Sony ne ya fito da ita kasuwa a 2004, kuma magina a can suna amfana da ita sosai. Aikinta busar da gumi ne. To in iskar waje ta fi fatar mutum zafi, mutumin kuma yana azumi ruwan jikinsa ya ja baya, gumin ya ragu, sai ta koma tana hura masa iska mai zafi. Ga ƙura, ga rashin wutar caji. Kayan ba na filina ba ne, wanda ya sayar min kuma ko dai bai sani ba ko bai damu ba.

Sannan ya faɗi maganar da ban taɓa jin ɗan kasuwa ya faɗa a kan hajarsa ba. Ya ce, "Alhaji, wannan riga taimako ce kawai, ba za ta maye gurbin inuwa da hutu da ruwa ba. In ka sa musu ita don su ƙara daɗewa a rana, na cuce ka, kai ma ka cuce su." Ya ba ni misalin Katar, inda aka raba wa masu gina filayen gasar cin kofin duniya ta 2022 tufafin sanyaya jiki, amma duk da haka tun 2021 dokar ƙasar ta hana aiki a fili daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma, daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. Ya tara yaran ya koya musu alamomin haɗari, wato jiri, amai, ciwon kai, fitsari ya yi ja ko ya ɗauke, da kuma mafi muni, mutum ya fara ruɗewa ko surutai. Ya ce in an ga haka a kai shi inuwa, a cire masa kaya, a kwarara masa ruwa ana fifita, a nufi asibiti nan take, kada a tsaya neman maganin zazzaɓi. Wanda ba ya azumi ya riƙa shan kofi guda duk bayan minti 15 zuwa 20 ko bai ji ƙishi ba. Sabon yaro ko wanda ya dawo daga jinya a fara masa da aiki kaɗan na mako ɗaya ko biyu. Maganar karya azumi ga wanda ya galabaita kuwa, ya ce wannan ta malamai ce, in je in tambaya. Na tambayi limaminmu, ya zo da kansa ya yi wa yaran bayani.

Da shawararsa muka koma fara aiki daga sallar asuba, mu tsaya kafin azahar, masu ban ruwa da lodi su dawo bayan la'asar. Na kafa rumfar zana a tsakiyar fili. Azumi ya zo ya wuce, Afrilu da Mayu suka wuce, ba wanda ya faɗi, bulon da muke bugawa kuma bai ragu yadda na ji tsoro ba. Falmaran biyu ɗinkinsu ya saki, na aika yaro, aka canza masa ba tare da an ce sai maigida ya zo ba.

Abin takaicin shi ne irin wannan mu'amala ta zama abin mamaki har sai an rubuta mata takarda. Yau in ka sayi abu a yawancin wurare, a ƙasan rasit za ka ga an rubuta cewa kaya in ya fita ba ya dawowa, mai shagon kuma bai san amfanin abin da yake sayarwa ba, farashinsa kawai ya sani. Shekara 19 ina wannan sana'a, masu karɓar haraji ba su taɓa ɓata hanyar filina ba, amma ban taɓa ganin wanda ya zo ya tambaya ko yarana suna da inuwa ko ruwan sha ba. Ku dubi masu zuba kwalta, 'yan ga-ruwa, masu gidan burodi a bakin tanda, maƙeran tukwane, 'yan dako a kasuwannin hatsi. Duk shekara wani yana faɗuwa, a ce ajali ne a wuce wurin, alhali an umarce mu da riƙon sababi. Mu masu gidajen aiki ma da namu laifin, don da yawa cikinmu mun fi kula da injin da ya yi zafi a kan mutumin da ke tsaye kusa da shi. Kuma ina ganin garin da ke da Kantin Kwari da dubban teloli bai kamata ya jira a kawo masa falmaran mai jiƙawa daga waje ba. Da za ku haɗa kai da wasu telolin kirki a samo yadin da ya dace, da farashin ya sauka har ɗan dako ya iya saya da kuɗinsa.

Ina roƙon mai shago ya riƙe wannan yaro da kyau, ya kuma isar masa da gaisuwar yarana, musamman mai lodin nan da ya warke ya dawo bakin aiki, wanda yanzu shi ne mai kula da kular fakiti da duron jiƙa riguna. Maƙwabcina mai gidan burodi zai zo wurinku kafin bazara mai zuwa, na gaya masa kada ya zaɓa da kansa, ya bari a je a ga tandarsa tukuna. Ni ma zan dawo in ƙara guda huɗu, a ajiye min manya, don biyu daga cikin sababbin yarana ƙatti ne.

Allah Ya yi wa kasuwarku albarka, Ya saka wa iyayen wannan yaro da alheri.

Wassalam,
Naku, mai gidan bulo a hanyar Gwarzo, Kano.