Kayan Adon 'Ya'yan Itace: A Gyara Aiki Kafin a Sayar

Ya Edita,

Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu ja hankalin masu ƙera sarƙa, awarwaro da 'yan kunne daga ƙwallaye da 'ya'yan itace. Sana'ar tana da kyau, amma yawancin abin da ake fitarwa ba ya shekara: ko ya tsage, ko ƙwaro ya cinye shi daga ciki.

Ƙwallon tagua, wata bishiya dangin dabino da ake samu a Ekwado da Kolombiya, da ƙwallon goruba, in sun bushe sosai fari ne fat da tauri kamar hauren giwa. Da su aka daɗe ana yin maɓallan riga kafin roba ta mamaye kasuwa, kuma hana cinikin haure tsakanin ƙasashe a 1989 ya ƙara musu daraja. Sai dai ba sa son gaggawa. A shanya su a inuwa mai iska na makonni, domin rana tana busar da baya ta bar ciki da danshi, daga nan tsagewa take farawa. Bayan sun bushe a ƙulle su a leda, a sa a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili na mako guda, don a kashe ƙwan ƙwari. In an fitar kada a buɗe ledar sai sanyin ya sake su, in ba haka ba raɓa ta kwanta a kansu, funfuna ta biyo baya.

Tsakiyar ƙwallon akwai rami, saboda haka a yanka daga gefe, kaurin milimita 3 zuwa 4. A huda da bakin injin huda mai kaurin milimita 1.5, a hankali, ana ɗagawa ana kakkaɓe garin. Injin da ke gudu da yawa yana ƙona gefen hudar ya bar baƙi. A goge da sanfefa mai lamba 220, sai mai laushi 400, sai 600, a rufe da kakin zuma.

Abin da ya fi damunmu shi ne masu zuba epoxy, wani ruwa mai daskarewa ya yi kamar gilashi, a kan ganye ko fure su ce sun kare muhalli. Epoxy roba ce, ba ta ruɓewa. Haka maƙalar kunne mai sinadarin nikel tana sa wa wasu mutane ƙaiƙayi da ƙuraje. A nemi azurfa ko titaniyam.

Idon zakara kuwa a bar shi kwata-kwata, duk da kyan jansa. Yana ɗauke da gubar abrin, kuma huda shi ke buɗe ta. A 2011 sai da aka janye awarwaron da aka yi da shi daga shaguna a Birtaniya. In yaro ya tauna ko ƙwaya ɗaya ce, ransa na cikin haɗari.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jaridar ɗaukaka.

Naka,
Wasu masu sana'ar ƙera kayan ado