Wasiƙa zuwa ga kamfanin da ya sayar min da mota: me kuka saka wa ƙwaƙwalwar injina?

Assalamu alaikum Yallaɓai Darakta, da fatan kana lafiya, ya aiki ya iyali.

Ni ɗan kasuwa ne a Garwa ta arewacin Kamaru, gyaɗa da masara nake saye ina sayarwa, in lokacin albasa yazo kuma albasa. Bazan kama sunan kamfaninku anan ba, kun san kanku, lambar motata tana cikin kwamfutarku. Sau biyu ina kai takarda ofishinku na nan Garwa, a buga min hatimi ace za a tura Duwala, har yau ko waya ba wanda ya min. Shi yasa na fito fili na rubuta, dan nasan ba ni kaɗai bane abin nan ya samu.

Pikop ce mai shan gazwal, wato dizal, sabuwa dal na saya a hannunku, ba ta hannu ba, ba wadda aka shigo da ita ta Kwatano ba. Mutane da yawa sun ce min Alhaji me ya kai ka, da wannan kuɗin ai biyu zaka saya ƴan Beljik, nace a'a ni garanti nake so, shekara 3 ko kilomita 100,000, inada inda zan kai kuka in wani abu ya faru. Kuma wallahi shekarar farko bata taɓa bani kunya ba. Lahadi ina Pitowa, Alhamis in na samu hali in leƙa Adumri, wata biyu ba zasu wuce ba sai na hau Ngaundere da kaya ko na gangara Marwa. Duk bidanj, wato canjin baƙin mai, a garajinku nake yi, ban taɓa bari wani ya ɗaura mata sifana a waje ba, karne ɗina, littafin da ake rubuta aikin da aka yi wa motar, yana nan kowane shafi da sa hannun shef ɗinku.

Toh abin ya fara ne ranar da na kai ta bidanj na kilomita 40,000. Aikin da aka saba gamawa kafin azahar sai akace in dawo gobe, wai akwai wani ma'aikaci da yazo daga Duwala da balis, na'urar nan da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari, zai duba duk motocin irin tawa. Nace Alhamdulillahi ai kulawa ce. Washegari na ɗauki mota na biya kuɗin mai da filta na tafi. Sai daga baya da matsala ta taso ɗana ɗan sakandare ya ɗauko faktir ɗin, takardar lissafin kuɗin aikin, ya karanta min wani ƙaramin layi can ƙasa da Faransanci, cewa an yi mizajur na kalkilater, kuɗinsa sifiri. Wato an sabunta manhajar kwamfutar motar da ke tafiyar da injin. Yallaɓai ba wanda ya tambaye ni, ba wanda ya gaya min da baki, ba takardar da na sa wa hannu. Motata ce fa, da kuɗina na saya, ko tela zai rage maka hannun riga sai ya tambaye ka.

Tun satin farko na ji motar ta canza. Wanda yake tuƙa abu kullum ya san shi kaman yadda ya san muryar ɗansa. Da, ina taɓa totur take amsawa, yanzu sai tayi nauyi ta tsaya tunani kafin ta zabura, in ta zabura kuma sai baƙin hayaƙi ya biyo baya. Man da nake zubawa in je Marwa in dawo har da saura, ya koma sai na ƙara a Figil. Ku kun san gazwal ba kaman da bane, a Faburairun 2023 aka kai lita sefa 720, shekara na zagayowa ta koma 828, kowace lita da ta ƙaru a jikin ribar buhu take fita. Sannan wani fito ya fara, siririn kuka kaman na shaho, duk lokacin da na hau gangare.

Na koma garaji na faɗa wa shef, ya zagaya da ita cikin gari babu kaya a baya, ya dawo yace Alhaji lafiyarta ƙalau, sabo ne, zata daidaita.

Ranar da bazan manta ba itace ranar hawan dutsen Mbe. Duk wanda ya san hanyar Garwa zuwa Ngaundere ya san wurin nan, ka taso daga ƙasa bakin Binuwai zaka hau tudun Adamawa da ya haura mita 1,000, hanya tana murɗawa kwana bayan kwana, gefe ɗaya dutse gefe ɗaya rami, ga manyan tireloli da tankokin mai masu zuwa Njamena suna saukowa birki na ƙauri. Ina ɗauke da buhunan gyaɗa, ni da yarona da wani dattijo maƙwabcina da zai kama jirgin ƙasa zuwa Yawunde ganin likita. Na fito zan wuce wata tirela da ke rarrafe, na kai daidai tsakiyarta kenan sai fitilar inji ta kama a dashbod, ƙarfi ya ɗauke gaba ɗaya kaman an zare wa motar laka, na taka totur har ƙasa bata wuce 40 ba, ga wata mota ta ɓullo daga kwana tana saukowa tana danna min fitila. Dattijon nan salati kawai yake yi. Allah ne ya sa direban tirelar ya gane ya taka birki ya bar min wuri na shige gabansa, ban san shi ba amma har yau ina masa addu'a. Da na samu fili na faka hannuna rawa yake, na fi minti 20 a zaune a bakin hanya ban iya cewa komai ba.

Na kashe na sake tayarwa fitilar ta mutu ƙarfi ya dawo, kaman ba abinda ya faru. Kafin mu shiga Ngaundere sau biyu ta sake yi.

Da na dawo na kai muku, aka jona balis, lamba ta fito P0299, na rubuta ta a bayan karne da hannuna. Na tambaya akace min ma'anarta iskar da turbo, na'urar da ke cusa iska cikin inji, ke turawa bata kai yadda kwamfutar ke nema ba, shi yasa take rage ƙarfin injin dan kare shi. Me aka yi? An goge lambar, an hura filtan iska, an bani makulli. Bayan sati biyu ta sake, aka sake gogewa. Karo na uku shine akace turbo ya tashi aiki sai sabo, kuma wai garanti bata ɗauka ba, in biya sama da miliyan 1 banda kuɗin aiki, sannan kayan babu shi a Garwa babu a Duwala sai an yi oda daga waje.

Dalilai uku aka bani kuma kowanne ni aka ɗora wa laifi. Wai ina zuba zuwa-zuwa. Yallaɓai zuwa-zuwa da ake sayarwa a kwalabe bakin titi yawanci esans ne, wato fetur, na masu babur, ni motata gazwal take sha, kuma a gidan mai nake sha, rasit ɗina suna nan cike da leda tun ranar da na saye ta. In kuma man gidan mai ɗin ne bai muku ba, ai shine man da ƙasa take da shi, tun gobarar matatar Limbe a watan Mayun 2019 daga waje ake shigo da shi, ba ni nake tacewa ba. Turai sun daɗe da kayyade sulfa a gazwal ɗinsu zuwa kashi 10 cikin miliyan, mu nan abinda famfo ya bayar shi muke zubawa, kun san da haka ranar da kuka karɓi kuɗina. Na biyu wai ƙura. Haba dan Allah, a Garwa kuka buɗe reshe, kun san hunturu kun san ƙurar da ke rufe gari har jirgi ya kasa sauka, kun san zafin Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40. Na uku wai ina kashe inji da zafinsa bana barinsa ya huce. Wannan tun ina yaron mota ubangidana ya koya min, in ka sha doguwar tafiya ka bar inji yayi minti biyu yana aiki a tsaye kafin ka murɗa makulli saboda baƙin mai ya zagaya ya sanyaya turbo, ban taɓa sakaci da shi ba.

Da abin ya ishe ni sai na je wajen wani tsohon makaniki a unguwarmu, mutumin da ya tsufa a cikin injin gazwal. Ban bari ya taɓa tawa ba saboda kar kuce na karya garanti, amma na tarar yana aiki akan irin motata sak, ta wani bawan Allah daga Gidar wanda shi tasa garantin ta ƙare, shi ma bayan an mata mizajur ɗin nan ta fara. Baba ya zaunar da ni ya kwance turbo ɗin a gabana. Yace kaga, farfela biyu ne akan sanda ɗaya, hayaƙin salansa yana juya ta baya, ta gaba kuma tana cusa iska cikin inji, suna juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, baƙin mai ne kaɗai ke riƙe da sandar. In ƙura ce ta kashe turbo zaka ga bakin fukafukan farfelar gaba sun cinye kaman an goga musu fayil. In rashin mai ne ko kashe inji da zafi, sandar zata yi shuɗi tana lilo in ka taɓa. Ya miƙo min na taɓa da hannuna, fukafukai lafiya lau, sanda bata motsi. Sai ya buɗe ɓangaren hayaƙi ya nuna min wasu ƙananan ƙofofi da ke kewaye da farfelar baya, waɗanda ke buɗewa suna tsukewa dan daidaita ƙarfin iska, duk sun cushe da kunkunniya sun daskare, sai da ya sa sukundireba ya ɗan buga kafin ɗaya ta motsa.

Nace Baba wa ke ba ƙofofin nan umarni? Yace kwamfuta. Wa ke cewa ga yawan man da za a fesa da lokacin fesa shi? Kwamfuta. Bawul ɗin EGR da ke maido da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji dan rage guba, wanda in ya yawaita buɗewa kunkunniya take ƙaruwa, wa ke buɗe shi? Yace ita ɗin dai. Toh Yallaɓai kwamfutar nan ita kuka taɓa. Kilomita 40,000 motata tana shan man nan, tana shaƙar ƙurar nan, ni ɗin nan nake tuƙa ta, bata yi tari ba sai bayan da ma'aikacinku ya jona mata balis. Mu huɗu ne yanzu da na sani ido da ido, ni da na Gidar da wani a Marwa da wani ɗan Kuseri mai kai kaya Njamena, labarinmu ɗaya, kuma kowa an ce masa shi kaɗai ne ya kawo irin wannan ƙorafi.

Ba yau aka fara jin rigimar manhajar inji a duniya ba. A 2015 a Amurka aka bankaɗo yadda Volkswagen suka saka wa motocinsu na gazwal manhajar da ke ɓoye yawan gubar hayaƙi lokacin gwaji, motoci wajen miliyan 11 abin ya shafa. Wannan wani kamfani ne daban ba ku ba, na kawo shi ne dan ku gane me yasa hankalin mutum ba zai kwanta ba in aka canza masa abinda baya gani da ido kuma aka ƙi masa bayani. Can an aika wa masu mota wasiƙa an ce ku kawo ga abinda za a yi. Mu nan sai dai a rubuta a ƙasan faktir da harshen da rabinmu bamu karantawa.

Yau sati 7 motata tana fake a harabarku rana na dukanta. Kakar gyaɗa ta wuce ni ina hayar motar mutane, buhun da zan kai da kaina yanzu sai na biya a kai min kuma sai lokacin da mai mota ya ga dama. Yarona da ke bina yana da mata da ƴaƴa biyu, ina bashi abinda ya samu amma ba kaman da ba, shekaranjiya yace min Alhaji ko in nemi babur in fara klando, wato ɗaukar fasinja, kafin a gyara, wallahi maganar ta tsaya min a rai.

Abinda nake nema ba mai yawa bane. Ku fito da turbo ɗina a buɗe shi a gabana da makanikina, in fukafukan sun cinye da ƙura ko sandar tayi shuɗi na yarda laifina ne zan biya ko da zan sayar da fili. In kuma kunkunniya ce ta cushe ƙofofin kaman na wancan bawan Allah, ku sa min sabo a ƙarƙashin garanti, kowa ya ci ladan kuturu dole ya masa aski. Kuma sabon turbo kaɗai ba zai min ba in manhajar nan tana nan, nan da wata shida zamu dawo gidan jiya, dan haka ku rubuta min a takarda me mizajur ɗin ya canza, saboda me aka yi shi, an gwada shi da man ƙasar nan da zafin arewa ko kuwa, in ba a gwada ba ku maido min da tsohuwar da na sayi motar da ita. Watannin da ta yi a tsaye a hannunku a ƙara min su akan garanti. Sannan ku kira sauran mutanen da aka yi wa mizajur ɗin ku gaya musu, musamman masu hawa Mbe da masu bin hanyar Mora zuwa Dabanga inda in mota ta mutu maka ba wurin tsayawa bane, kar sai an rasa rai.

Akwai doka a ƙasar nan ta kare haƙƙin mai saye, ta 6 ga Mayun 2011, ta bani damar a sanar da ni gaskiyar abinda ake sayar min da abinda ake min aiki akai. Kofin wannan wasiƙa zan kai shi ofishin ma'aikatar kasuwanci na nan Garwa, da faktir ɗin da layin mizajur yake jiki. Ranar Litinin in Allah ya kai mu ƙarfe 8 ina bakin garajinku da karne da ledar rasit, Baba makaniki ma yace zai rufe shago ya raka ni, na Gidar kuma zai taho da tsohon turbo ɗinsa a buhu a ajiye kusa da nawa.

Wassalam.

Naku, mai pikop fara da ke fake a bayan garajinku,
Garwa